Filin Tambaya da Amsa: Za Mu Buɗe Zauren Zane a Garinmu, Wa Zai Shigo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki? Mu biyar ne a nan Azare, dukanmu masu zane. Uku mun karanci abin a makaranta, ɗaya mai rubuta allunan shaguna ne, ɗaya kuma mai ɗaukar hoto. Ayyukanmu suna jibge a ɗaki, wasu har ƙarƙashin gado, ba mai gani sai ɗan abin da muka ɗora a Facebook. Mun samu wani shago mai ƙofa biyu a bakin titi, muna so mu haɗa kuɗi mu kama haya, mu mai da shi wurin baje kolin zane. Amma wani malaminmu ya ce asarar kuɗi ce, wai masu sayen zane suna Legas da Abuja. Mun ji kai da abokanka kun daɗe kuna riƙe da irin wannan wuri. Ta ina za mu fara?

Daga wani matashi, Azare, Jihar Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Wasiƙarka ta tuna mini da ranar da mu ma muka tsaya mu huɗu a gaban wani tsohon sito a garinmu, muna leƙa ciki ta tsagar ƙofa, kowa yana nuna bangon da zai rataya nasa.

Malaminku bai yi muku ƙarya ba. Masu sayen zane da kuɗi mai kauri suna Legas, sai kaɗan a Abuja, kuma an daɗe a haka. Dubi Zariya. Tun 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suna cewa a daina bin Turai ido rufe, a ɗebo daga abin da ke gida. A nan Arewa aka yi wannan yunƙurin, amma da suka gama karatu kudu suka koma, kasuwar ma can ta zauna. Har yau yaron da hannunsa ya faɗa, hanyar Legas yake fara tambaya. Saboda haka in nufinku ku buɗe shago ku zauna jiran alhajin da zai zo ya kwashe zane da miliyoyi, ku riƙe kuɗinku.

Sai dai akwai abin da malamin bai gaya muku ba. An sha kafa irin wannan wuri nesa da manyan birane, ya kuma rayu. A Tamale, can arewacin Gana, kimanin kilomita 600 daga Akra, akwai Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a garin a 1987. Ya yi suna a duniya da tsofaffin buhunan gashi, irin waɗanda ake zuba 'ya'yan koko da gawayi, yana ɗinke su yana lulluɓe gine-gine. Da kuɗi suka shigo masa, gida ya kai su. A 2019 ya buɗe cibiyar baje kolin fasaha a Tamale, a 2020 ya ƙara wata a bayan gari, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mai da cikinsu azuzuwan yara. Ba ku da aljihun Mahama, mu ma ba mu da shi. Abin ɗauka a wurinsa shi ne waɗanda ya yi wa ginin: 'yan makaranta da mutanen ƙauyukan da ke kewaye.

Misalin da ya fi kusa da ƙarfinku shi ne na Oshogbo, a ƙasar Yarbawa. A 1962 Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo, ya buɗe wani dandalin fasaha mai suna Mbari Mbayo a cikin gidansu, tare da wani Bajamushe, Ulli Beier. Da kiɗa da wasa aka fara jawo jama'a, zanen yana rataye a bango, wanda ya zo kallon wasa ya kalle shi. A 1964 wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta koyar da zane a wurin, kuma waɗanda suka fito daga wannan koyarwa ba 'yan makarantar zane ba ne: Twins Seven-Seven ɗan rawa ne, Jimoh Buraimoh mai haɗa wutar dandali ne, Muraina Oyelami makaɗi ne. Sunayensu sun zaga duniya daga baya, amma a tsakar gida aka fara.

Yanzu bari in gaya maka yadda tamu ta kasance, don kada ku taka inda muka taka.

Ranar buɗewa mun buga kati, mun yi hayar kujeru, mun sayi lemo, mun gayyato manya daga sakatariya. An cika, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Washegari ba kowa. Haka muka yi kusan wata biyu, sai ƙuda. Mun shafe bango da farin fenti fes, mun sa ƙofar gilashi, mun rufe ta saboda ƙura. Daga baya mai shayin da ke kusa da mu ya ce mini, “Malam, ai mutane sun ɗauka asibiti ne ko ofishin wata ƙungiya. Wa zai tura ƙofar gilashi da takalmin roba, bai san nawa za a ce ya biya ba?” Maganar ta shige ni. Mun gayyaci kowa ban da maƙwabtanmu. Ko mai unguwa ba mu je mun gaida ba, balle liman. Da ɗan gari akan ci gari, mu kuma 'yan garin ne, amma muka yi shigar baƙi.

Muka cire ƙofar gilashin muka sayar. Muka ajiye benci biyu da tabarma a waje, da randar ruwa da moɗa. Duk wanda yake da aiki a hannu sai ya fito da shi bakin ƙofa ya yi a idon jama'a. Yara ne suka fara tsayawa, daga nan masu tsawata wa yaran suka tsaya su ma. Muka kuma canza lokaci. Da muna buɗewa da safe kamar ma'aikata, lokacin da kowa yana gona ko kasuwa. Muka koma daga la'asar zuwa isha'i, ranar kasuwa kuwa wuni guda.

Abin da ya juya mana tunani gaba ɗaya wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa. Ruwan sama ne ya koro ta ciki. Ta sauke tirenta a bakin ƙofa, tana jiran ya ɗauke, sai idonta ya faɗa kan wani zane da ɗaya daga cikinmu ya yi na ɗakin amarya da jerenta. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa yadin. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, “Ɗan nan, wa ya yi wa yarinyar nan jere? Ba ta da gwaggo a kusa ne?” Ta ɗaga yatsa tana nunawa: babbar kwalla ita ce a ƙasa, sai mai bi mata, har a ƙare da ƙaramar langa a sama, ba a raba saiti, ba a cusa mai jan fure a tsakiyar masu shuɗi, wanda ya fi tsada a inda ido zai fara sauka in an ɗaga labule. Ta yi magana ta fi minti goma, mai zanen yana tsaye yana gyaɗa kai. Bayan kwana uku ta dawo da mata uku, ta kawo su su ga kuskuren da idonsu.

Ni da na yi karatun zane, ranar na gane cewa abin da aka koya mana a aji game da tsara abu a bango, da daidaita launi, da inda ido ke fara sauka, matan garinmu sun gaje shi tun kaka da kakanni. Haka mutumin da ke juya hula a hannu yana duba ƙanƙantar ɗinkin kafin ya taya. Haka wanda ke duba aska takwas a wuyan babbar riga ya gane hannun gwani. Mutanenmu sun iya kallo, ƙanena, kuma suna da tsananin zaɓe. Mu ne muka rataya abin da bai shafe su ba, a wurin da muka sa suka ji kunyar shiga.

Daga nan muka buɗe bangon ga masu sana'ar hannu na gari. Mun rataya allunan zayyana da wani alaramma yake yi wa masu sauka, da faya-fayan da mata ke saƙawa, da ƙore masu zane, da jakunkunan dukawa, da turamen marina, gefe da gefe da namu na fenti. Kowane abu da sunan wanda ya yi shi a ƙasa, da boko da ajami. Kada ka raina wannan 'yar takarda. Akwai dattijon da ya yi shekara arba'in yana ɗinkin hula, bai taɓa ganin sunansa a jikin aikinsa ba. Ya zo da 'ya'yansa da jikokinsa, kowannensu kuma ya dawo da wani. Sharaɗi ɗaya nake roƙonku a kai: duk yadda kuke raba kuɗi a tsakaninku, haka za ku yi da su. Kada ku sayi fai-fai da araha a hannun tsohuwa ku ninka shi sau biyar don kun rataya shi a farin bango.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ya fi karyewa.

Mai gida zai nemi hayar shekara gaba ɗaya, kuma shekarar za ta zagayo da sauri fiye da yadda kuke zato. A wurinmu sayar da zane bai taɓa biyan haya shi kaɗai ba. Abin da ke biya shi ne ajin yara na ranar Asabar da na dogon hutu, da yin firam na hotuna da takardun shaida, da rubutun ayoyi da mutane ke sawa a yi musu don falo ko ofis, da aikin allunan shaguna. Wannan abokin naku mai rubuta alluna, kada ku ɗauke shi ƙarami don bai je makarantar zane ba. Mai yiwuwa shi zai riƙe muku wurin a shekarar farko. Muna kuma da zubi na wata-wata kamar adashi, kowa ya kawo nasa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Manyan gidajen sayar da zane sukan cire la'adar da ta kai rabin kuɗin. Mu kashi 20 cikin 100 muke cirewa, a zuba a asusu. Ku riƙa yin ƙananan ayyuka da malamin firamare zai iya saye, ku kuma yarda a biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya sayi ƙarami bana, shi ne zai kawo surukinsa baɗi.

Akwai abin da ya faru da mu wanda har yau yake mini ciwo. Ɗaya daga cikinmu ya yi tafiya jinyar mahaifiyarsa. Wani baƙo ya zo ya ga babban zanensa, wanda ya yi wata huɗu a kai, ya taya rabin kuɗin. Haya ta matso, mai gida yana aike safe da yamma. Wanda ke tsare wurin ranar ya sallama, aka kai wa mai gida kuɗin. Da mai zanen ya dawo ya ga ƙusar babu komai, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Allah ya sa albarka.” Ya tattara buroshinsa da gwangwanayen fentinsa a buhu, ya fita. Mun je gidansa mun ba shi haƙuri, daga baya mun biya shi, muna gaisawa a masallaci, amma bai sake rataya ko takarda a bangonmu ba. Ba wanda ya yi niyyar cuta a cikinmu. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba ne, don muna jin nauyin juna.

Tun ran gini ran zane. Kafin ku karɓi makulli, ku zauna ku biyar da wani dattijo da dukanku kuke jin maganarsa, ku rubuta. Kowane aiki da ya shigo a sa shi a littafi, da farashinsa, da ƙarshen abin da mai shi ya yarda a sallama, ya sa hannu. Ba a taɓa kuɗin wani a biya haya sai da bakinsa. A rubuta wanda ke riƙe makulli kowace rana, da abin da mutum zai fita da shi in ya ce ya bari. Kuɗi kuma kada su kwana a aljihun ma'aji. Ku yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ko ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a jiharku, ku buɗe asusun banki da ba a cire ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu.

Ku kuma sani cewa wurin zai ci lokacinku fiye da kuɗinku. Shara, da tsare ƙofa, da bin bashi, da amsa tambayar yara. A shekararmu ta farko zane uku kacal na gama. In mutum ɗaya aka bar wa wannan ɗawainiya zai gaji, gajiyar kuma ta koma ƙorafi.

Shawarata ta ƙarshe gare ku: kada ku kama shagon nan yanzu. Ku ari zauren wani gida, ko ajin makaranta lokacin hutu, ku baje kayanku kwana uku a bikin Sallah, sa'ad da gari ya cika da 'yan gida da suka dawo daga Kano da Abuja. Ku je ku gaida mai unguwa da liman tukuna, ku kai musu goron gayyata da kanku. A kwana ukun nan za ku ga irin aikin da mutanen Azare ke tsayawa a gabansa, za ku kuma ga su wa a cikinku biyar ɗin ke zuwa da tsintsiya da sassafe. In kun yi haka sau biyu kuna nan tare, ku je ku ga mai shagon. Ka rubuto mini yadda ta kaya.

TAMBAYA

Malam, ni budurwa ce, ina zane tun ina sakandare. An nemi in kai ayyukana wani baje koli a garinmu, amma Babana ya hana. Ya ce zane haramun ne, kuma wurin matattarar maza ce. Ba na son saɓa masa, amma raina yana kan abin. Yaya zan yi?

Daga wata mai karatu, Gusau

AMSA

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika fara da cewa ba kya son saɓa masa. Ki tsaya a kan haka.

Ni mai zane ne, fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya gaya miki shi ne, damuwar Baba tana da tushe. Akwai hadisai ingantattu masu tsanani a kan masu yin surar abu mai rai. A cikinsu akwai wanda Ibnu Abbas ya ce wa wani mai wannan sana'a, in dole sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shafe a kan takarda ko yadi, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ki nemi malamin da Baba ya yarda da shi, ku je tare, ki kai ayyukanki ya gani da ido. Sau da yawa in an ce “zane”, abin da ke zuwa zuciyar iyaye daban ne da abin da ke cikin jakar yarinya.

Mu da muka je wurin limaminmu, ya zo ya zagaya, ya ba mu shawara, muka bi. Ba ma ajiye gunki ko sassaƙen mutum. Kuma ba mu ji an taƙaita mu ba, don filin da ya rage yana da faɗi ƙwarai. Dubi zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, dubi dagi, dubi zayyana, dubi bakan gizon rufi da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Mutum zai ƙare rayuwarsa yana koyo daga waɗannan bai kai ƙarshe ba.

Game da kasancewarki mace, ki ɗauki takardar naira 20 ki nuna wa Baba bayanta. Wadda ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana cikin waɗanda suka fara tara tukwanenta, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin nasa, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

Maganar cakuɗuwa da maza kuwa, gaskiyar Baba ce, kuma gyaran yana hannun masu shirya baje kolin. A wurinmu ranar Laraba ta mata ce zalla. Makulli yana hannun wata 'yar'uwarmu mai zanen lalle da rini, mu maza ba ma ko zama a bencin waje. Ranar ce ma ta fi kowace ciniki. Ki tambayi masu shiryawa ko za su ware irin wannan rana. In ba za su iya ba, ki ba yayanki ko ƙaninki ayyukan ya kai, a rubuta sunanki a ƙasa, in Baba ya amince da hakan. In bai amince ba, ki haƙura da na bana, ki ci gaba da aikinki a gida. Ki zauna ki yi masa Ayatul Kursiyyu da mafi kyan hannunki, da zayyana a kewaye, ki sa a firam ki ba shi ya rataya a zaurensa.

TAMBAYA

Malam, mun ɗan buɗe wuri a nan, amma ƙurar hunturu da gara suna neman gamawa da kayanmu. Mene ne magani?

Daga wani mai zane, Maraɗi

AMSA

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kada wani aiki ya taɓa ƙasa ko ya manne da bango. Gara ta ƙasa take hawowa ta bi bayan firam, kafin ka ankara ta cinye katakon ta bar fenti. Ka samu kafinta ya buga maka dogon katako a saman bango, ka riƙa sako ayyukan da igiya ko waya daga jikinsa. Mai gida ma zai ji daɗi ba a huda masa bango kullum. A bayan kowane firam, a kusurwoyin ƙasa, ka liƙa murfin gorar roba don iska ta riƙa wucewa. Waɗanda ke ajiye ka ɗora su a kan benci, a tsaye, fuska da fuska, da kwali a tsakani, ka lulluɓe da tsohon zanen gado. Leda tana tara gumi da damina, sai ka ga fumfuna.

Ƙura kuwa kada ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Buroshi mai laushi, busasshe, daga sama zuwa ƙasa. Aikin takarda a sa shi cikin gilashi, amma kada gilashin ya taɓa takardar. Ka kiyaye bangon da rana ke duka kai tsaye, don tana kashe launi, musamman tawada da rini. Kafin ruwan farko ka hau ka duba kwanon rufi da kanka, ka toshe ramukan ƙusa. Mu duk ranar Alhamis da safe muke sauke komai, mu juya bayan kowane firam mu duba, mu share gindin bango, sannan mu mayar.